Labarin Zuciya A Tambayi Fuska

Akwai ciwon da ba ya kwantar da mutum, ba ya kuwa hana shi noma ko daka, amma yakan hana shi ɗaga kai a cikin jama'a. Ƙurajen fuska ke nan, waɗanda ke fito wa samari da 'yan mata sa'ad da suka fara balaga. A nan Kaikai, cikin ƙasar Kusada, manya sukan ce, "Ai girma ne, za su wuce." Lalle sukan wuce, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, mene ne asalinsu? A fatar mutum akwai ƙananan kafofi inda gashi ke tsirowa, kusa da kowace kafa kuwa akwai 'yar jaka mai fid da maiƙo don kada fata ta bushe. In yaro ya balaga sai maiƙon nan ya ƙaru, ya gamu da matacciyar fata, ya toshe kafar. Daga nan ƙwayoyin cuta su sami mazauni, wurin ya kumbura. Likitoci sun ce cikin matasa 10, wajen 8 sukan yi su. Ba ƙazanta ke kawo su ba, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsu wurin wani.

Na ga nauyin abin nan a gidanmu. 'Yar ƙanwata tana da shekara 16 suka rufe mata goshi da kumatu. Yarinya ce mai fara'a, amma sai ta daina zuwa biki, ta riƙa jan mayafi har bisa hanci, a makaranta kuma ta koma layin baya. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Kawu, in ana yi mini magana ba a jin abin da na ce, ƙurajen ake ƙirgawa." Abin da ya fi damunta shi ne baƙin tabon da suke bari, domin a fata irin tamu tabo kan yi watanni bai gushe ba, balle in an matse ƙurjin da farce.

Likitoci ma sun gane cewa ba a auna ciwon fata da ido kaɗai. A shekarar 1994 waɗansu likitoci biyu na birnin Kadif a Birtaniya, Finlay da Khan, suka tsara tambayoyi 10 da za a riƙa yi wa majinyaci. Ana tambayarsa ko ciwon ya sa shi jin kunya, ko ya sauya masa tufafin da yake sawa, ko ya hana shi aiki, karatu, da shiga mutane.

Kunyar nan ita ke jefa yara cikin hatsari. Wata ƙawarta ta kawo mata man shafawa daga kasuwa. Da fari fuska ta yi haske, bayan 'yan makonni ƙuraje suka dawo ninki biyu. Garin neman ƙiba an samo rama. Da yawa daga cikin irin man nan suna da magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi siriri, ya kuma haifar da sababbin ƙuraje. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta yi kashedi mai tsanani game da man bilicin a 2023.

Muka kai ta asibiti a Kankiya. Aka ce ta bar man nan, ta wanke fuska sau 2 a rana da sabulu marar zafi, kada ta dirje, kada ta matse, kada kuma man kitso ya sauko mata goshi. Aka ba ta magani, aka gargaɗe ta cewa sai ya yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga amfaninsa. Bayan wata 3 ta koma cikin sa'o'inta. Wanda nasa suka yi tsanani, akwai likitocin fata a asibitocin koyarwa na Katsina da Kano. Mace mai ciki kuwa kada ta sha maganin ƙuraje sai likita ya yarda, don waɗansu suna cutar da abin da ke cikinta.

Jama'a, ku da Allah ya ba ku ilmin karatu, ga inda zai yi muku rana. In 'ya'yanku sun shigo da kwalba, ku karɓa ku duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace, abin da ya shige muku duhu ku kai wa ma'aikacin lafiya. Ku hana yara yi wa mai ƙuraje ba'a ko laƙabi. In kun ga yaro ya daina fita, ku zauna da shi ku ji ta bakinsa tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.