Ina Ƙarfin Roba-roba Ya Tsaya?



Gardamar babur ba ta ƙarewa a tsakaninmu, musamman mu 'yan ajin ƙarshe da muka fara aron na yayyenmu. Da an ambaci roba-roba sai a kwashe da dariya, wai babur ɗin aike ne, ba shi da ƙarfi, namijin babur shi ne mai cc 150. Mu dai a wannan kulob muna ganin an raina shi fiye da kima.

Mene ne ma cc ɗin? Awo ne na girman ramin da fistin yake kai-da-komowa a ciki, inda mai da iska suke ƙonewa. Yawancin roba-robar da muke gani mai cc 110 ce. Ledar fiya wata ɗaya tana ɗauke da cc 500, ke nan ramin bai kai rubu'inta ba. Wannan ɗan ramin ne yake kawo Malam daga gida kullum da jakar littattafanmu, ya biya kasuwa ya yi cefane.

Asalin wannan ƙirar Honda Super Cub ce, wadda aka fara yi a Japan a 1958 da inji mai cc 50 kacal, wajen cokali uku na cin abinci da ɗan ɗori. Zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Ba kuloci a hannu, giya ce kawai ake takawa, ga roba a gaba da take tare wa ƙafa taɓo. Shi ya sa dattijo mai babbar riga yake hawanta hankali kwance. Tayarta ma inci 17 ce, tana haye ramuka fiye da Vespar kakanninmu, wadda aka fara yi a Italiya a 1946, mai ƙananan tayoyi da yashi ke saurin kamawa. (Amma wajen kwarjini, har gobe Vespa ce gaba.)

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da lita take nufi a aljihun mai albashi. Ƙaramin inji kaɗan yake sha. Idan zirga-zirgarka daga gida ce zuwa makaranta, zuwa masallaci, zuwa cikin lungu inda ba wurin gudu, ƙarin ƙarfin da za ka saya ba ka da inda za ka kashe shi.

Inda muke rabuwa da masoyan roba-roba shi ne goyo. An yi ta ne don mutum biyu. Amma da an tashi daga makaranta sai ka ga uku, wani lokaci huɗu, na ƙarshe yana reto a kan kariya, ba mai hular kwano. Injin nan iska ce take sanyaya shi. A zafin bazara, da nauyi, a giya ta ɗaya ko ta biyu, yana ɗaukar zafi, baƙin mai ya tsinke, daga nan sai gidan bakanike. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin tsoron shi ne birki, domin birkin da aka auna da mutum biyu ba zai tsayar da huɗu a tazara ɗaya ba. Yaro ya gitta, ka taka, babur ya ci gaba da tafiya.

Haka ma babban titi. Roba-roba ba ta da ƙarfin da za ta wuce tirela da sauri, ga ta ba nauyi, iskar babbar mota kaɗai tana iya jijjiga ta. Wanda yake zuwa daga ƙauye da buhunan masara, ko yake bin hanya mai hawa da yashi, shi ne yake da hujjar neman mai cc 150.

Muna roƙon shugaban ɗalibai ya sa wakili a bakin ƙofa lokacin tashi, daga ranar Litinin, duk babur ɗin da ya ɗauki fiye da biyu a sauke sauran.