Lokacin da muka ɗauka jini zai faɗi komai

A da, idan maganar aure ta taso, dattawa ne ke bincike. Baffa ya tafi garin su yaro, ya zauna a zaure yana kewaye-kewaye har ya ji ko akwai farfaɗiya ko taɓin hankali a zuri'ar. Daga baya takardar asibiti ta shigo. Ina tuna ranar da ƙanwata ta dawo daga ɗakin gwaji, ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a jaka, ba ta ce uffan ba sai bayan magariba. Ita AS, saurayin ma AS. An sha kuka, amma babu mai gardama da lissafin: a kowane ciki, damar haihuwar mai sikila ɗaya ce cikin huɗu. Ƙwayar gado guda ce ke jawo ta, kuma tun 1956 Vernon Ingram ya gano a Kambirij cewa wuri ɗaya tak ne ya sauya a sinadarin jinin.

Irin wannan tabbacin muka sa wa rai a Yunin 2000, lokacin da Bill Clinton ya sanar a Fadar White House cewa an zana taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Muka ce to, saura hawan jini da ciwon suga.

Ashe su ba haka suke ba. Dubban ƙananan bambance-bambance ne ke haɗuwa, kowanne da ɗan tasirinsa kamar ƙwayar gero a buhu. Tsayin mutum kaɗai, wani bincike na 2022 ya gano wurare sama da 12,000 da ke da hannu a ciki. Sai masana suka koma tara su wuri ɗaya suna ba mutum maki. A 2018 wasu masu bincike a Boston suka nuna cewa, bisa irin wannan maki, mutum 8 cikin 100 na 'yan Birtaniya da suka auna na da haɗarin ciwon zuciya ninki uku. Duk da haka, da yawa masu babban maki za su tsufa lafiya lau, wani mai ƙaramin maki kuma ya faɗi yana ɗan shekara hamsin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jinin da aka gina ma'aunin a kai. Zuwa 2019, kusan kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi irin wannan bincike da su 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce ta fi ko'ina yawan bambancin ƙwayoyin gado. Shi ya sa idan aka ɗora makin a kan ɗan Kano ko ɗan Damagaram, hasashensa yakan yi rauni sosai.