Na ƙara wa injin wankin kafet tanki, na ɓata kafet ɗin mutane

Mai wankin kafet a Kano yana da lokuta biyu da aiki ke fin ƙarfinsa: makonnin da ke gaban azumi, sa'ad da masallatai ke son a wanke shimfiɗunsu, da kuma jajibirin sallah, sa'ad da kowace uwargida ke son falonta ya yi fes. Injina na lokacin ɗan gwanjo ne mai faifai ɗaya, irin wanda buroshinsa ke juyi 175 a minti, kuma bai zo da tanki ba. Yarona ne ke shiga gaba da bokiti yana yayyafa ruwan sabulu da hannu, ni ina biye da shi da inji. Aikin yana tafiya, amma da nawa, wani wuri ya jiƙe, wani ya tsira a bushe.

A shekarar 2019 babbar sallah ta faɗo ranar 11 ga Agusta, tsakiyar marka. Ganin ayyukan da suka taru ya sa na yanke shawarar yi wa injin hanyar ba da ruwa da kansa. Na sayi tiyo da kawunan haɗi a Ƙofar Ruwa, na cire famfo mai aiki da batirin bolt 12 daga injin feshin gona, mai walda ya yi mini mazaunin jarka a jikin sandar injin. Na ɗaure bakin feshi biyu a gaban faifan. Da na kunna a tsakar gida, a kan siminti, ruwa ya fito da ƙarfi ya baje daidai, kumfa ta tashi. Na ji daɗi ƙwarai. A kan siminti kuwa babu abin da gwajin zai nuna mini, domin ruwan gangarewa yake yi ya bi rariya.

Lissafin da ban yi ba mai sauƙi ne, kuma har yau yana ba ni kunya. Irin wannan famfo yana tura wajen lita 3 ko fiye a kowane minti, saboda an yi shi ne don ya jiƙa ganyen shuka a fili. Falo mai mita 5 da mita 6 murabba'in mita 30 ke nan. In ka yi minti 20 kana aiki famfo na kunne, ka zuba lita 60, wato fiye da jarka biyu, a ɗaki guda. Injunan da kamfanoni ke ƙerawa musamman don wannan aiki, kamar Kärcher Puzzi, kusan lita ɗaya suke fesawa a minti, kuma tankinsu biyu ne: ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na dattin da injin ke zuƙowa nan take. Ni na kwafi rabin da ke zubawa, na bar rabin da ke kwashewa.

Gidan da na fara kai injin na wata Hajiya ne da ta daɗe tana ba ni aiki. Kafet ɗinta ɗan Turkiyya ne, mai launin madara, ya rufe falon kusan bango zuwa bango. Mun gama cikin rabin lokacin da muka saba. Da na shafa samansa na ji ɗan danshi kawai, na ce mata zuwa gobe ya bushe.

A nan ne jahilcina ya fi yawa. Yawancin kafet ɗin da ake saƙawa da inji a birnin Gaziantep na Turkiyya, gashinsu na sama zaren roba ne wanda ba ya shan ruwa, ƙasansu kuma ana saƙa shi da zare irin na buhun algarara. Saboda haka ruwan bai tsaya a sama ba, ya zarce ƙasa ya shige cikin algararar, sauran ya kwanta a kan tayil inda iska ba ta kaiwa. Hannuna saman ya taɓa. A hunturu, da iskar Kano ke busar da wanki kafin ka juya, mai yiwuwa da na tsira. A Agusta kuwa iskar kanta jiƙe take. Fumfuna ba ta buƙatar fiye da kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai danshi kafin ta fara. Ita kuma algarara in ta daɗe a jiƙe tana sakin wani launi mai ruwan ƙasa, wanda ke bin zare ya hau sama yayin da ruwan ke ƙafewa, ya zauna a kan gashin. Tana kuma tsukewa, shi ya sa gefen kafet ɗin ya nannaɗe.

Na ƙara wa abin muni da sabulun da na zuba a jarkar. Garin wanki ne na tufafi. Shi ba laifinsa ba ne: an yi shi don kayan da za a ɗauraye sau biyu ko uku a matse. Yana da kaifi irin na kanwa, a ma'aunin pH yana kaiwa wajen 10, kuma wannan kaifin shi ke hanzarta fitar launin algarara. Wanda ya bushe a cikin gashin kuma danƙo yake yi, ya riƙa kama ƙurar ƙafa. Da kafet ɗin na ulu ne, da ɓarnar ta fi haka, don ulu ba ya jure sabulu mai kaifi.

Ana saura kwana kaɗan sallah ta kira ni. Falon na wari, kafet ya yi dabbare-dabbare. Ta ce, "Malam, dubi abin da ya zama. Ni da ke jiran baƙi." Abin da na amsa mata shi ne kuskuren da ya fi na famfo nauyi a wurina. Na ce, "Hajiya, ai irin wannan kafet ɗin ba shi da inganci, haka suke yi." Na faɗi haka alhali zuciyata ta riga ta san abin da na sauya a aikina. Ba ta yi musu ba, ta yi shiru kawai. Yarona, wanda ya ga komai, ya sunkuyar da kai. A hanya ya ce, "Maigida, da muka ɗaga gefen nan fa ruwa ne kwance a ƙasa." Na kwana da maganar. Na ci amanar wadda ta yarda da ni, kuma na yi hakan a gaban yaron da iyayensa suka ba ni don ya koyi sana'a.

Washegari na koma na gaya mata gaskiya, cewa injina ne da na taɓa, kuma maganar da na yi jiya ba daidai ba ce. Muka naɗe kafet ɗin muka fitar, na yi hayar injin zuƙar ruwa, na ɗauraye shi da ruwa mai ɗan tsami don kashe kaifin sabulun, muka shanya shi a rumfa da fanka. Warin ya tafi, launin ya ragu sosai, amma gefen da ya tsuke bai koma ba. Ta yi sallah da tabarma a falo. Na mayar mata da kuɗin aiki, na biya wani kaso na kuɗin sabo. Ta yafe, amma ba ta sake kirana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Tankin bai tafi ba, yana nan a jikin injin, sai dai na sake masa tsari. Na cire bakin feshi ɗaya, na sa ƙarami a ɗayan, na sa makunni a hannun injin ta yadda ruwa ba ya fita sai na danna. Na sa ɗan bawul mai hana ɗiga, domin na gano ko an kashe famfo, ruwan jarkar da ke sama yana ci gaba da tsiyaya a inda aka ajiye injin. Na janye tiyon daga kusa da ramukan iskar motar injin, abin da tun farko ya kamata ya tsorata ni, tunda wutar bolt 230 ce ke juya ta, ni kuma ina tsaye a kan jiƙaƙƙen wuri. Kafin kowane aiki nakan fesa a cikin gora na minti ɗaya in ga abin da ya fito. Nakan zuƙe busasshiyar ƙura tukuna, in gwada sabulun a lungu da farin ƙyalle, in ɗaga gefen kafet in duba da me aka saƙa bayansa. Injin zuƙar ruwa kuma na saya nawa.

Ina ganin matasa da yawa yanzu suna irin wannan haɗin, kuma ba na hana kowa, don fasaha ce mai rage wahala. Roƙona gare ku ɗaya ne: kada ku sayi famfo kafin ku mallaki abin zuƙe ruwa, kuma gwajin farko ku yi shi a kan kafet ɗin ɗakinku, ku jira kwana uku, sannan ku ɗaga shi ku duba ƙasansa.