Gawon Gonarmu Da Kalmar "Leafless"

Ina aji shida na firamare a Kura na fara karo da kalmar Turancin nan "leafless", ba mu kuwa kwashe lafiya ba. Malam ya warware mana ita dalla-dalla: "leaf" ganye ke nan, "less" kuma in ta zo a ƙarshen kalma rashin abu take nufi. Watau itacen da ya kaɗe, babu ko ganye ɗaya a jikinsa. Daga nan ya ce kowa ya sa ta cikin jimla.

Sai na rubuta cewa da damina itacen gonarmu "leafless" yake. Malam ya zabga mini jan biro. Ya ce a Ingila da sanyi itatuwa suke kaɗewa, a nan kuma da rani, to wane itace ne zai tuɓe ruwa na zuba? 'Yan aji suka bushe da dariya. Na yi gum, don a zamanin nan yaro ba ya ja da malaminsa.

Alhali kuwa gaskiyata ce, gawo nake nufi. Kuka ce take tuɓewa da rani. Shi gawo sai ruwa ya sauka yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara har kaka. Shi ya sa manomi ba ya sare shi. Ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma ya yi kore shar, awaki su ci 'ya'yansa, shanu su kwanta a gindinsa su bar kashi. Geron wurin ya fi na ko'ina zangarniya.

'Yan'uwa masu fassara, ku lura: kalmar ba ta ce itace ya mutu ba, ba ta kuma ambaci lokaci ba. Mawaƙan Turawa ne suka ɗora mata sanyi da baƙin ciki, don haka suka saba gani a ƙasarsu. Wanda ya fassara ta da "busasshen itace" ya binne itace da ransa.

Na so in kai malam gona ya gane wa idonsa. Amma bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin noman rani ya iso gonakinmu, katafila ta zo baje ƙasa don magudanan ruwa, ta tuge gawon. Yanzu shinkafa da tumatir ake nomawa a wurin, muna kuwa cin moriyarsu, ban musa ba. Sai dai takin buhu muke saye. Takardar nan mai jan biro tana nan cikin akwatina.