Ranar da Babu Ƙwallo, an Je Garin Shanu

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ake kira besbol. Ba da ƙafa ake buga shi ba. Wani ya jefo ƴar ƙwallo mai tauri, wani ya make ta da kulki, ya sheƙa da gudu ya kewaye fili. Kowane ɓangare mutum 9 ne. Manyan ƙungiyoyin wasan 30 ne, kowace tana yin wasa 162 a shekara, daga wajen watan Afrilu zuwa ƙarshen Satumba.

Masu son wasan sukan haɗa guzuri, su shiga mota, su bi ƙungiyarsu gari gari. Kwana uku ko huɗu a nan, sai a tashi zuwa gaba. Wani lokaci akan sami rana guda da babu wasa, yawanci Litinin ko Alhamis. Wasu su wuni kwance a masauki. Wasu kuwa su fita su ga gari.

A jihar Teksas akwai garin Arlington. Nan ne filin ƙungiyar Rangers, wadda ta ci babban kofi a 2023. Matafiyan da hutu ya riska a can sukan nufi yamma. Kafin su yi kilomita 30 sun isa Fort Worth, wanda ake yi wa laƙabi da Garin Shanu.

Da hantsi suke isa tsohuwar kasuwar bisashe. Hanyar da ta ratsa ta an shimfiɗe ta da jan bulo. Ƙarfe 11 da rabi na yi, sai mutane su ja gefe su yi layi. Can sai ga shanu sun fito, makiyaya bisa dawaki suna biye, sanye da malafa mai faɗi. Shanun ba su kai 20 ba. Ƙahoninsu sun miƙe dama da hagu, na wasu har mita 2 daga tsini zuwa tsini. Makiyayin da ya gan su zai tuna da shanun Bororo. Suna tafiya sannu sannu, cikin ƴan mintoci sun wuce. Kallon kyauta ne, kuma tun 1999 ake yin sa.

To, me ya sa gari guda yake fito da shanu don kallo kawai? Dalili shi ne, a da nan burtali ne babba.

Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Teksas. Saniyar dalar Amurka 4 a can takan yi 40 a biranen arewa. Sai aka riƙa kora garke zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene, a jihar Kansas. Garke guda yakan kai shanu 2.500, da makiyaya kamar 12. Sukan yi wata biyu ko uku a hanya. Fort Worth ce zangon da suke sayen guzuri kafin su shiga daji. Daga 1866 zuwa 1890 shanu fiye da miliyan 4 suka bi ta nan. Da yawa daga makiyayan baƙar fata ne da mutanen Meziko. Har yau a kasuwar akwai siffar tagulla ta wani baƙar fata, Bill Pickett, gwanin kayar da bijimi.

Abu biyu suka rufe burtalin. Na farko waya mai ƙaya, wadda ta bazu bayan 1874. Masu ƙarfi suka kewaye makiyaya da mashaya, har da filin da ba nasu ba. Da fari ya zo a 1883, masu ƙananan garke suka rasa ruwa. Suka riƙa yanke waya da dare, aka yi faɗa, aka rasa rayuka. A 1884 gwamnatin Teksas ta yi doka: mai yanke waya zai sha kaso, mai kewaye filin jama'a shi ma ya yi laifi, kuma shingen da ya tare hanya dole a bar masa ƙofa. Na biyu kaska ce. Shanun Teksas sun saba da cutarta, amma tana kashe shanun manoman Kansas. A 1885 Kansas ta hana su shiga.

Kasuwar ba ta mutu nan take ba, don jirgin ƙasa ya iso garin tun 1876. Aka gina manyan mahauta biyu. A 1944 bisashe fiye da miliyan 5 suka shiga kasuwar. Daga baya kamiyo ya riƙa ɗaukar shanu zuwa ƙananan kasuwanni. Mahauta guda ta rufe a 1962, ɗayar a 1971.

Su kansu masu dogon ƙahon sun kusa ƙarewa. Mutane suka koma ga irin Turai mai saurin ƙiba, suka yar da irin da yake jure ƙishirwa da doguwar tafiya. Sai a 1927 gwamnatin Amurka ta ba da dala 3.000 aka tattara ƴan kaɗan, aka adana su a jihar Oklahoma.

Bayan azahar matafiyan sukan hau wata gadar katako su leƙa tsofaffin shingayen shanu. Inda dillalai suka yi ciniki, yanzu shagunan takalma ne da na malafa da gidajen abinci. Ƙarfe 4 na marece shanun su sake fitowa, su sake wucewa. Daga nan sai a koma masauki, gobe akwai wasa.

Manoma da makiyaya, wannan labari ba na nesa ba ne. A Nijar burtali yana nan da ransa, kuma dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da bisashensa. A tashar Tukunus ta wajen Filinge ana adana irin shanun Azawak. Manomi ya bar burtali da hanyar rijiya a buɗe. Makiyayi ya tsare garkensa daga gona, ya kai shi allura, ya riƙe irin ƙasarsa. Mutanen Fort Worth sai da hanyar ta rufe suka san darajarta.