Shaidu 38 da Na Yi wa Ƙazafi

A daren 13 ga Maris 1964, wajen ƙarfe uku, wani mutum ya daɓa wa wata mata mai suna Kitty Genovese wuƙa a kusa da gidanta a unguwar Kew Gardens da ke birnin New York. Shekarunta 28. Bayan mako biyu jaridar New York Times ta buga cewa maƙwabta 38 sun ga abin da ke faruwa, amma babu wanda ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda. Labarin ya shiga littattafan nazarin halayyar ɗan Adam, daga can ya zo hannuna, ni kuma na kai shi aji.

Shekara da shekaru ina ba ɗalibaina wannan labari, kuma ina ƙara masa gishiri. Nakan zana musu tagogi a buɗe, mutane a bayan labule suna leƙe. Sai in kawo gwajin da John Darley da Bibb Latané suka buga a 1968: ɗalibi yana zaune shi kaɗai a ɗaki, sai ya ji ta na'urar magana wani yana kakari kamar farfaɗiya ta buge shi. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke ji, kashi 85 cikin ɗari sun tashi neman taimako tun bai yi shiru ba. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu huɗu da ke ji, kashi 31 kawai. Daga nan sai in yanke hukunci da bakina, in ce taro yana cinye tausayi, mutum kuma kansa kawai ya sani.

Wata rana wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu daga layin baya. Ta ce, "Malam, ko mace ɗaya ba ta fito ba?" Na ce, "Ko ɗaya." Na faɗa ba tare da shakka ba. Ta ɗan dube ni, ta sunkuya ta rubuta a littafinta.

Ashe mace ta fito. Sunanta Sophia Farrar, maƙwabciyar Kitty. Ta sauko cikin dare, ba ta san ko maharin yana nan ba, ta rungume Kitty cikin jini har motar asibiti ta iso. Tun kafin nan wani mutum ya yi tsawa ta taga, maharin ya gudu, ya dawo ya samu Kitty a wani zaure inda masu taga ba sa iya gani. A 2007 Rachel Manning da Mark Levine da Alan Collins suka bi takardun shari'ar, ba su samu hujjar cewa mutum 38 sun tsaya suna kallo ba. A 2016, da makashin ya mutu a kurkuku, ita kanta jaridar ta amince ta zuzuta yawan shaidun da abin da suka gani. Duk wannan yana rubuce tun ina kan koyar da tsohon zancen.

Ba zan ɗora wa jarida laifina ba. Labarin ya yi mini daɗi ne saboda ya dace da ƙorafin da na saba yi cewa zamani ya lalace, shi ya sa ban taɓa neman tushensa ba. Na yi wa matattu da rayayyu ƙazafi, kuma na sallami yara gida da tunanin cewa juya baya shi ne ɗabi'ar kowa. Wanda aka koya wa haka, ranar da ya ga wani a kwance a titi ya riga ya samu uzuri.

Gwajin Darley da Latané yana nan daram, fassarata ce ta karkace. Abin da ya nuna shi ne nauyi yana rarrabuwa a cikin taro, kowa na zaton wani ya riga ya motsa. A 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa suka duba bidiyon kyamarorin titi na faɗace-faɗace 219 a Amsterdam da Lancaster da Cape Town. A tara cikin goma akwai wanda ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a ƙara yiwuwar hakan yake yi. Ai mu ma mun sani. In mota ta faɗi a hanya, mai shayi da ɗan acaɓa ne ke fara rugawa. Abin da ke riƙe wasu shi ne tsoron a mayar da su abin tuhuma, har Nijeriya ta yi doka a 2017 da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma hana a takura wa wanda ya kawo shi.

Yanzu ina fara darasin da sunan Sophia Farrar, ina kuma gaya wa ɗalibai cewa na taɓa koyar da shi ba daidai ba. Sannan mu gwada a aji: ɗaya ya kwanta, sauran su kewaye shi, wani ya nuna mutum guda ya ce, "Kai mai farar hula, tsayar mana da a-daidaita-sahu. Ke mai jan mayafi, kawo ruwa."