Wata Takwas Ina Lura da Kwanon Ɗana

Idan kina da yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya har a gama cin tuwo, wanda malami ya gaji da aiko miki da saƙo a kansa, na san kin sha shawarwari har kin ƙoshi. Wannan ya ce gata ne ya yi masa yawa, waccan ta ce iska ce a nemi rubutu da hayaƙi, wani kuma ya ce bulala ce ta yi ƙaranci. Nawa ɗan fari ne, don haka ki yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Shekarunsa tara, muna zaune a Bagudo, kuma bara wani likita a Birnin Kebbi ya tabbatar mana yana da larurar da ake kira ADHD, wato ƙarancin tattara hankali haɗe da ƙiriniya da gaggawar aikata abu kafin tunani. Kusan yara biyar cikin ɗari ke da ita a duniya, tana bin jini ƙwarai, kuma ba a yanke cewa ita ce sai alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, ana kuma ganinsu a gida da makaranta duka.

Mahaifinsa ya ba da wa'adi: in shekarar karatu ta ƙare yaron bai iya haɗa baƙi ba, zai cire shi ya miƙa shi ga ƙaninsa mai kwalekwale a Lolo. Maganin da ake bayarwa, methylphenidate, ba mu same shi a kusa ba, likitan ma ya fi son a fara da gyaran tsarin gida da aji. Abin da ke hannuna kaɗai shi ne madafa, sai na ɗauki littafi na fara rubuta abin da ya ci kullum da yadda ya wuni.

Da sukari na fara, domin shi kowa ke zargi. Na yi mako uku ba alawa, ba lemon kwalba, kunu ma sai da ɗan zaƙi kaɗan. Littafina bai nuna wani bambanci ba, kuma ashe masana sun daɗe da sanin haka. A 1995 wani likita a Amurka, Mark Wolraich, da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, inda yaro da iyayensa ba su san ko sukari aka ba shi ko wani abin zaƙi daban ba, suka ga sukari ba ya canza ɗabi'ar yara. Wani gwajin na 1994 ya fi ba ni dariya: an gaya wa iyaye mata cewa an ɗura wa 'ya'yansu sukari, alhali ba a ba su ba, sai ga iyayen suna rantsuwa yaran sun ƙara ƙiriniya. Ki tuna da ranar suna ko biki: ga alawa, amma ga kiɗa, ga taro, ga rashin barci. Na ci gaba da rage masa zaƙi, saboda haƙoransa da kuma don ya riƙa cin abincin kirki.

Launin da ake zuba wa abinci zancensa daban ne. Mu da ke bakin iyaka, daga Tsamiya zuwa Illo, teburan masu kaya cike suke da alawa da garin lemo na leda, ja da ɗorawa, wasu da rubutun Faransanci daga Benin. Tun 1973 likita Benjamin Feingold ya fara zargin irin waɗannan launuka. A 2007 masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka gwada launuka shida tare da wani sinadarin hana lalacewa a kan yara 'yan shekara uku da 'yan takwas zuwa tara, suka ga ƙarin ƙiriniya, amma kaɗan, kuma ba ga kowane yaro ba. Daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da su. Ki juya ledar ki duba lambobi: E102, E104, E110, E122, E124 da E129. Lamba ba ta da yare, ko da Faransanci aka rubuta za ki gane ta. Na maye masa gurbinsu da zoɓo da kunun aya na gida. A cikin littafina, ranakun da ya saci hanya ya sha garin lemo sun ɗan fi wuya da yamma. Ido na uwa yana iya ganin abin da yake son gani, shi ya sa na roƙi malamarsa ta riƙa yi masa maki ba tare da ta san abin da ya ci ba. Makinta ya ɗan karkata inda nawa ya karkata, ba da yawa ba.

Inda na fi samun riba, ban yi tsammaninsa ba. Likita ya sa a auna jininsa, aka ga ya yi ƙasa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana kawo kasala da raunin tattara hankali, kuma an sha samunsa a yara masu wannan larura, ko da yake ba shi ke haddasa ta ba. Yaron nawa kuwa karinsa shayi ne da burodi, shayi kuma yana hana hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci, ban da sinadarin hana barci da ke cikinsa, irin na goro. Aka ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini na wata uku. Ina roƙonki kada ki sayo wannan da kanki ba tare da awo ba, kuma ki ɓoye shi nesa da yara, domin yawansa guba ne. Karin safe ya koma ƙosai ko alala da kunu, wani lokaci ƙwai. Da rana wake, zogale da ƙuli, hanta ranar kasuwa, da ɗan lemon tsami ko gwaiba, saboda suna taimaka wa jiki ya karɓi ƙarfen. Kifi kuwa Kwara na kusa da mu, sau biyu ko uku a mako. Ana yawan tallar ƙwayoyin man kifi, amma amfaninsu a gwaje-gwaje ɗan ƙanƙani ne, kuɗinsu kuma zai sayi kifin wata guda.

Akwai tsarin da na karanta na ƙi bi. A Holand an yi gwaji a 2011 da yara ɗari, aka taƙaita wa rabinsu abinci zuwa shinkafa, nama, ganye da 'yan abubuwa kaɗan na mako biyar, da yawa suka samu sauƙi. Sai dai iyayen sun san abin da ake yi, kuma ƙwararru kan abinci na tsaye a kansu. Yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, ban ga dalilin ƙuntata masa ba. Ga kuma kakarsa. Ran da ta ga na hana shi alawar da ta sayo masa, cewa ta yi: "Ke 'yar nan, yunwa za ki kashe mini miji da ita?" Na ce, "Inna, ki ba shi gyaɗa da dabino, shi ma zaƙi ne." Ta yi tsaki, amma tun daga ranar dabino take ƙullo masa a bakin zane.

Abu ɗaya da ba abinci ba, amma yana shiga jiki: kwalli. Wani kwallin gargajiya na ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, irin gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinariya. Na daina sa wa ƙannensa.

Yau, bayan wata takwas, larurar na nan. Har yanzu yana katse mutane cikin magana, yana ɓatar da fensir kusan kowane mako. Amma ya daina hamma da ƙarfe goma na safe, yana barci kafin tara, kuma da malamarsa ta dawo da shi layin gaba tana yanka masa aiki gunduwa-gunduwa, ya kai minti goma sha biyar a kan takarda, shi da a da bai kai biyar ba. Nawa ne na abinci a ciki, nawa ne na barci da kujerar gaba, littafina ba zai iya rabewa ba. Ya karanta wa mahaifinsa shafi guda a watan jiya, an ɗage zancen Lolo zuwa wata shekara. Likita ya ce mu koma bayan girbin shinkafa a sake awon jini, a kuma duba ko lokacin magani ya yi, in ya kama ya tura mu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. Ya ce in taho da littafin.